Gishirin da Ba na Miya Ba: Abin da Ya Faru a Gidan Wani Mai Kilishi a Damagaram

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da gidan da abin ya faru. Maigidan mahauci ne, ya haura shekara talatin yana sana'ar kilishi. Baba nake ce masa, shi kuma Mushe yake ce mini, saboda aikina koyar da ilimin sinadarai a wata lise ta nan Damagaram. Na nemi izininsa kafin in ɗauki alƙalami, ya ce in rubuta don wani ya tsira, amma in bar sunaye. Na bari.

Ranar Alhamis ce, ranar da kasuwar Dole ke cika, ana tsakiyar zafin bazara. Baba da babban ɗansa suna wurin sana'a tun safe. A gida akwai Inna, da ƴarta budurwa mai shekara 15 wadda ita ce da girkin rana, da ƙannenta maza biyu, da matar babban ɗan mai goyon jariri ɗan wata huɗu. Dafa-duka aka yi. Mutum biyar suka ci, ƙaramin yaron mai shekara bakwai har ya ƙara da ƙanzo.

Ba a yi rabin awa ba Inna ta fara cewa kanta na sarawa. Ta miƙe za ta ɗebi ruwa a randa, sai jiri ya kwashe ta. Yaran suka kama amai. Kafin maiɗakina ta kira ni a waya, mata sun cika tsakar gidan, kowa da nata hasashen: wata ta ce zafi ne, wata ta ce kwalara, wata tsohuwa ta rage murya ta ce wannan jifa ne. An riga an jiƙa tsamiya, an aika sayen madara.

Da na durƙusa gaban ƙaramin yaron, abin da ya tsayar mini da gaba shi ne leɓensa. Ya koma toka-toka. Na ce ya fito da harshe, na ga kamar wanda ya tsotsi shuni. Na danna farcensa, na ja fatar idonsa ta ƙasa, duk launi ɗaya. A jikin baƙar fata irin tamu ba a ganin wannan canji a kumatu ko a hannu, sai an duba leɓe, harshe, dasashi da ƙarƙashin farce. Ban san mene ne ba a lokacin, amma na san tsamiya ba ta da abin yi a nan. Muka sa su a motar wani maƙwabci, ni na bi su a kabu-kabu.

A asibiti

Majo, wato ma'aikacin jinya, ya maƙala wa yaron ƴar na'urar nan ta yatsa mai auna iskar oksijin a jini. Ta nuna 85. Aka sa masa oksijin, aka jira, ta tsaya a wurin kamar an kafa ta. Aka gwada Inna, ita ma kusan hakan. Likita ya saurari ƙirjinsu, huhu lafiya lau, babu ƙugi, babu majina. Ya duba ƙwayar idonsu da bakinsu, yana neman alamar maganin ƙwari irin fiya-fiya, wanda ke sa dalalar yawu ya kuma tsuke ƙwayar ido. Babu ko ɗaya.

Sai da aka ɗebi jini ne lamarin ya fito fili. Abin da ya shiga sirinji ƙasa-ƙasa ne, kamar ruwan Nescafé da ba a sa wa madara ba. Likita ya ɗiga shi a kan farar auduga, ya kaɗa ta a iska. Jinin jijiya na mai lafiya, ko ya fito da duhu, yana shan iska zai washe ya yi ja. Wannan ya ƙi.

Ya juyo gare ni ya ce, "Mushe, kai ka san gidan. Akwai wata hoda ko wani magani kusa da madafa? Wani abu ya taɓa jinin mutanen nan, kuma ta baki ya shiga."

Daidai nan Baba ya iso, ko wuƙarsa bai ajiye ba. Da na maimaita masa tambayar, sai ya yi shiru, ya dafa bango. Ya ce, "Mushe, zo mu je gida."

Yadda hodar ta iso madafa

A kan wata ƴar kanta, tsakanin gwangwanin magi da ƙullin kanwa, akwai wata kwalbar mayonas da aka wanke. Cikinta farin gari ne mai ɗan ratsin rawaya, ya ɗan dunƙule saboda ya sha danshi. Babu rubutu ko harafi ɗaya a jikinta.

Ga tarihinta kamar yadda na harhaɗa daga bakin Baba da ɗansa. Ɗan yana so su fara zuba kilishi cikin leda mai zuƙe iska, su riƙa aikawa Yamai da Agadas. Ya ga wani bidiyo na Faransanci a waya, inda mai gyaran nama ke zuba abin da ya kira sel nitrité don nama ya riƙe jansa kuma ya daɗe bai lalace ba. Ya ɗauki hoton sunan, ya tura wa wani direba mai ƙetara iyaka. Direba ya nuna wa wani mai shagon sinadarai. Mai shago ya ga kalmar nitirit, ya buɗe buhu, ya auno rabin kilo a farar leda, ya ƙulle. Direba ya kawo ya ce ga gishirin nama. Ledar ta huje, Baba ya juye a kwalba, ya ajiye sai an sami sarari a gwada. Ya gaya wa Inna kada a taɓa, amma ranar da ya faɗa yarinyar tana makaranta. Ran Alhamis gishirin gida ya kusa ƙarewa, ta ga kwalba, ta ɗanɗana a harshe, ta ji gishiri-gishiri, ta cika da shi.

A dubi yadda sunan ya riƙa zubewa a hanya. A buhu yana da cikakken suna da alamar haɗari. A leda ya zama gishirin nama. A kwalba ya zama gishiri kawai. Kowane hannu da ya bi ya yaga wani ɓangare na sunan, kuma babu wanda ya yi da mugun nufi.

Kuskure mafi girma ya faru ne tun a shago, domin abu biyu ne mabambanta. Abin da mai bidiyo ke zubawa gishirin ci ne na yau da kullum wanda aka gauraya da ɗan mitsitsin nitirit, a Faransa kashi 0.6 cikin 100. A Amurka akwai wani haɗin mai kashi 6.25 cikin 100, shi kuwa da gangan ake rina shi ruwan hoda don kada a ɗauke shi gishirin miya. Abin da aka auno wa direba nitirit na sodiyom ne tsantsa, NaNO2, wanda ƙarfinsa ya ninka na mai bidiyo fiye da sau 160. Kama da wane ba ta wane.

Abin ya fi ba ni takaici idan na tuna cewa mu Damagarawa ba baƙin gishiri ba ne. Tsohuwa a nan za ta bambanta maka beza da kantu na Balma, ta ware mangul, ta gaya maka wace kanwa ce ta ɗanwake, wace ce ta dabbobi. Kowace mace ta san gishirin lalle ba ya shiga tukunya. Wannan ilimi ya tsaya ne kan abin da ido ya saba da shi. Farar hodar masana'anta ba ta da kamannin da za ta faɗakar da kowa.

Gwajin da muka yi

Na koma asibiti da kwalbar. Babu na'urar da za ta auna hodar nan take, amma akwai wani abu mai araha a kowane labo: ƴar takardar gwajin fitsari. Ɗaya daga cikin ƙananan murabba'an da ke jikinta nitirit take nema, saboda wasu ƙwayoyin cutar mafitsara suna juya nitirat na fitsari ya koma nitirit. Na narkar da ƴan ƙwayoyin hodar a kofin ruwa, na ɗebi ɗigo kaɗan na sake tsarmawa a wani kofin, muka tsoma. Kafin in ɗaga hannu murabba'in ya rine ruwan hoda mai kauri. Muka jiƙa ragowar dafa-dukar, muka tace, muka tsoma wata. Ita ma ta rine. Gishirin kanti da muka gwada a gefe bai motsa ta ba.

Abin da ke faruwa a kan wannan ƴar takarda shi ne babban aikin nitirit a ilimin sinadarai. Idan ya haɗu da ruwa mai tsami yakan saki wani ɓangare nasa mai nitorojin ɗaya da oksijin ɗaya, wanda ke neman inda zai maƙale. In ya sami sinadarin amin irin na dangin anilin, sai ya mayar da shi gishirin diyazo, wannan kuma ya kama wani sinadarin su haifi launi. Wani Bajamushe, Peter Griess, shi ya gano sinadaran diyazo a 1858, kuma a 1879 ya bayyana wannan gwaji da har yau ake kira da sunansa. Daga wannan hanya aka sami rinin azo, dangin rini mafi yawa a masana'antun yadi na duniya. Ɗalibaina ma suna taɓa jikan nitirit ba su sani ba, domin heliyantin da muke ɗigawa a gwajin asid, mai juyawa daga rawaya zuwa ja, ta haka ake haɗa shi.

Washegari na sake wani gwajin a labon makaranta, don in ga ɗaya fuskar tasa. Na dama sitacin rogo, na sa ɗan iyodur na fotasiyom da ɗigon asid, na zuba ruwan hodar. Nan take ya koma baƙin shuɗi kamar tawada, saboda nitirit ya ƙwace elektoron daga iyodur ya saki iyod. A nan akwai tarkon da ya kusa ruɗa ni: kofin gishirin kanti ma ya ɗan yi shuɗi-shuɗi. Sai na tuna gishirin da ake sayarwa yanzu ana sa masa iyodat don maganin maƙoƙo, shi ma yana sakin iyod a irin wannan haɗi. Ke nan gwajin sitaci shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Takardar fitsari ce shaidar da ta tsaya.

Abin da ya yi wa jini

Wannan ƙwacen elektoron da na gani a kofi shi ne ya faru a jikin mutanen gidan Baba. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai hemogulobin, a tsakiyarsa akwai ƙarfe mai caji biyu, kuma a wannan hali ne kaɗai yake iya ɗaukar oksijin. Nitirit yana mayar da shi mai caji uku. Sunansa ya koma metemogulobin, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa, ba ya ɗaukar komai. Ka ɗauka ƴan ga-ruwa ne ke ta zagaya unguwa da kura, bidon duk a jere, amma rabinsu wayam. Wani ƙarin sharrin, sauran hemogulobin masu lafiya sai su ƙanƙame oksijin ɗin da suka ɗauko, su ƙi sakin sa ga tsoka da ƙwaƙwalwa.

Mai lafiya yana da metemogulobin kamar kashi 1 cikin 100, jiki na gyara shi kullum. Idan ya kai wajen kashi 10 zuwa 20, leɓe ke fara canjawa. Yana hawa, ciwon kai, haki da ruɗewa na ƙaruwa, har ya kai ga suma da mutuwa. Faɗuwar Inna kuwa tana da dalili na biyu: nitirit yana buɗa hanyoyin jini, awon jini ya sauka, mutum na miƙewa sai duhu ya rufe masa ido.

Ita kuma na'urar yatsa da ta kafe a 85, ba lalacewa ta yi ba. Haske iri biyu take haskawa ta cikin yatsa, ta kwatanta yadda jini ya shanye kowanne. Metemogulobin yana shanye su kusan daidai wa daida, lissafin na'urar kuma idan ya ga haka 85 yake bayarwa, ko lamarin ya fi haka muni. Duk ma'aikacin lafiyar da ya ga leɓe ya yi shuɗi, huhu lafiya, oksijin bai ɗaga lambar ba, ya kamata wannan ciwo ya faɗo masa a rai.

Jaririn gidan bai ci komai ba, Allah ya tsare. Da a ce an ɗan lasa masa romon, da shi ne zai fi shiga haɗari, domin kafin wata shida sinadarin da ke gyara metemogulobin bai gama ƙarfi a jikin jariri ba. Saboda su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar nitirat a ruwan sha miligiram 50 a lita, nitirit kuma miligiram 3.

Magani

Inna, surukarta, budurwar da yayan ƙaramin, wanda bai ci da yawa ba, oksijin da ƙarin ruwa da kwanciya suka wadace su, aka haɗa musu da bitamin C, wanda ke mayar da ƙarfen halinsa amma a hankali. Ƙaramin ne ya fara lumshe ido yana sambatu, shi ne ya buƙaci ainihin makarin: shuɗin metilen na allura, miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo na nauyin jiki, a jijiya, cikin kamar minti biyar. Shi ma rini ne, an fara haɗa shi a Jamus a 1876. Ba kowane famasi ke ajiye na allurar ba, sai da aka yi ta buga waya kafin a samo. Wanda ake rina gilashin gwaji da shi a labo ba a yin allura da shi.

Kafin a yi, likita ya tsayar da Baba da tambayoyi. "Baba, yaron nan ya taɓa shan wani magani idonsa ya yi rawaya? Fitsarinsa ya taɓa yin baƙi kamar Coca? A danginku ko na Inna akwai mai irin haka?" Baba ya ƙosa, yana ganin ana ɓata lokaci. Tambayar kuwa tana da tushe. Akwai ƙarancin wani sinadarin jini da ake gada, G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza. Shuɗin metilen ba ya aiki sai da taimakonsa, kuma ga wanda ba shi da isasshe, allurar na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Amsoshin Baba duk a'a ne, halin yaron kuma ba ya jira, aka yi.

Ina tsaye na ga leɓen yana dawowa, daga toka zuwa launinsa, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Da dare ya yi fitsari kore shar, Inna ta ɗora hannu a ka za ta fasa kuka, majo ya yi dariya ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki, rinin ne ke fita." Kwana biyu aka sallame su duka.

Shin kilishi na bukatarsa?

Bayan an natsu, ɗan Baba ya same ni a ƙofar gida. Ya ce, "Mushe, to in aka samo na gaskiyar, mai 0.6 ɗin, mu sa?"

Na ce masa ni ban ga dalili ba. Turawa suna sa nitirit ne a nama mai kauri da danshi, wanda zai yi makonni a rufe ba iska, inda ƙwayar cutar botulizim ke tsira ta zuba dafinta. Nitirit yana hana ta, yana kuma kama sinadarin da ke ba tsoka launi ya zaunar da jan. Ko a can ɗin, abin da aka daɗe ana yarda a zuba bai wuce miligiram 150 a kilon nama ba, kuma a 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar rage shi. Wannan awo ne na sikelin labo, ba na tafin hannu ba. Kilishi kuwa an shimfiɗe shi kamar takarda, ranar Damagaram ta busar da shi ƙayau, an tsoma shi a labu, an sake shanyawa, an gasa. Bushewar ita ce kariyarsa. Idan ana son leda mai zuƙe iska, abin lura shi ne kada a rufe shi da sauran danshi.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake ganin sa shi a kilishi ya fi rashinsa illa. Wancan ɓangaren nitirit mai neman wurin maƙalewa, idan ya sami wani nau'in amin da ke cikin nama da kayan yaji, ga kuma zafin wuta, nitorozamin yake haifarwa. Tun 1956 masu bincike biyu a Ingila, Magee da Barnes, suka nuna ɗaya daga cikinsu na jawo kansar hanta ga ɓeraye. A shekarun 1970 an gano irinsu a cikin kayan yajin da aka gauraya da nitirit aka ajiye, har aka hana wannan gaurayawar a wasu ƙasashe. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji. Yanzu a duba labun kilishi: tunkuza, barkono, masoro, citta, kanumfari, sannan a ɗora kan garwashi. Duk sharuɗɗan sun taru wuri ɗaya.

Wa ke da laifi?

A unguwa an raba magana biyu. Wasu suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Wasu suka ɗora wa yarinyar, wai budurwa kamarta ba ta san gishiri ba. Wannan na biyun ne ya fi ƙona mini rai, har na je na sami Baba a kai. Ta duba, ta ɗanɗana, abin da kowace mai girki za ta yi ke nan, kuma hodar ta ci wannan jarrabawa. Ni da na yi shekaru ina koyar da sinadarai, a ba ni kwalbar nan ba rubutu, ba zan rantse ba sai na gwada. A watan Satumba na 1944 irin wannan ta faru a birnin Niyok: mutum 11 suka yi shuɗi bayan sun ci abincin safe a wani gidan abinci mai araha, ɗaya ya mutu, aka gano nitirit na gyaran nama ne ya shiga cikin gishirin. Can ma ba yarinya ba ce ta yi girkin.

In za a bi sawu, wurare uku ne ƙofa ta kasance a buɗe: mai shagon da ya auna sinadari a leda bai tambayi me za a yi da shi ba bai kuma rubuta komai ba, oda da aka yi da hoton kalma a harshen da direba ba ya karantawa, da ajiye kwalbar a kantar madafa maimakon ɗakin kayan sana'a. Baba ya karɓi na ukun da bakinsa, a gaban iyalinsa, abin da ba kowane dattijo ke iyawa ba. Yarinyar ta yi kusan wata ba ta yarda ta zuba gishiri a tukunya ba sai ta kai wa Inna ta gani.

Sauran hodar tana wurina. Baba ya so a zuba ta a masai, na hana, domin tana narkewa a ruwa kamar sukari kuma ƙasa za ta kai ta inda ba a so. Na juye ta a kwalbar labo mai murfin roba, na rubuta sunanta da Faransanci da Hausa da ajami, na zana ƙoƙon kai, na kulle a kabad nesa da asid. Sau ɗaya a shekara nake ɗibar kamar giram biyu in nuna wa ƴan ajin ƙarshe yadda ake haɗa rinin azo. Haɗin ba ya yiwuwa sai an riƙe shi tsakanin digiri 0 da 5, in ya ɗumama gishirin diyazo ya watse ya bar kumfa da wani baƙin dabbare. Don haka ranar darasin nakan aiki ɗalibi biyu da kula su sayo ƙanƙara tun kafin a buga ƙararrawa, mu yi sauri mu gama kafin ta narke.